Ɗakin gwajin da ya hana ni hawa jirgi

Ba zan ambaci sunan wurin ba, ɗakin gwaji ne mai zaman kansa a Kano, cikin waɗanda aka amince su yi gwajin korona ga matafiya. A watan Disambar 2021 muka je, lokacin da nau'in Omicron ya shigo Najeriya, za mu kai Baba Alƙahira ganin likitan ƙoda. A lokacin Masar tana neman matafiyi ya zo da takardar PCR, wato gwajin da ke nuna ba ya ɗauke da korona, wadda ba ta wuce awa 72 ba. Kuɗin kuwa kun san shi, ba na wasa ba ne.

Wata baiwar Allah ce ta ɗauki samfurin. Ta zura tsinken audugar nan can cikin hanci har sai da Baba ya yi ƙwalla, tana ta ce masa "Sannu Baba, saura kaɗan." Da sakamako ya fito, na Baba lafiya lau, nawa ya nuna ina ɗauke da cutar. Ni kuwa ban da ɗan ƙaiƙayin maƙogwaro da na ɗora wa hunturu, garau nake.

A bakin ƙofa wani ya tare ni, wai in kawo wani abu a gyara mini takardar. Na koma ciki na gaya wa matar. Ranta ya ɓaci sosai, ta sa mai gadi ya kore shi, sannan ta zaunar da ni. Ta ce na'urar tana ninninka ƙwayar halittar cutar ne zagaye bayan zagaye har ta bayyana, kuma tawa tun da wuri ta fito, ma'ana tana da yawa a jikina. "Alhaji, a haka za ka zauna kusa da mai ciwon ƙoda har Masar? Ka killace kanka, a ɗaga tafiyar." Ba a jima ba zazzaɓi ya kwantar da ni, ga ciwon gaɓoɓi. Baba bai kamu ba. Wallahi duk lokacin da na tuna sai na yi mata addu'a, Allah Ya saka mata da alheri.

Sai dai ita kaɗai ce, ragowar wurin ya ba ni haushi. Da muka koma gwaji na biyu, ɗakin jira cike maƙil, rabin mutane ba takunkumi, tagogi a rufe, a wurin da ake zuwa neman mai cuta! Sun ce sakamako zai fito cikin awa 24, bai fito ba. Lambar wayarsu ta yi ta ƙara ba mai ɗauka, alhali awa 72 ɗin nan tun daga ɗaukar samfuri take tafiya. Da takardar ta zo a daren tafiya, sunan Baba bai yi daidai da na fasfo ba. Na garzaya, na tarar da yaro ɗaya a kan kwamfuta, ko haƙuri bai ba ni ba, har yana cewa haka muka rubuta. Na ɗauko hoton fom ɗin a wayata na nuna masa kafin ya gyara.

Gwajinsu na yarda da shi, zan iya kai jinina can gobe. Amma wanda zai je, ya tsaya a kan mai rubuta suna da fasfo a hannu, kuma kada ya dogara da wayarsu.