Con Todo El Mundo na Khruangbin: kiɗan mutum uku daga wata gona a Texas

Wani abokin aikina ne ya turo mini wannan faifan, ya ce tunda ina son jitar Abzinawa to in gwada. Da farko na ɗan yi ƙorafi, don mu mun saba idan an buga kiɗa sai a ji mawaƙi ya shigo da baiti. A nan kusan babu waƙa, kiɗa ne zalla, sai ɗan amshi can ƙasa-ƙasa a wasu wuraren.

Makaɗan ƙungiyar Khruangbin su uku ne kacal, 'yan birnin Houston na Amurka: Mark Speer a jita, Laura Lee a jitar bas, Donald Johnson a ganga. Speer da Johnson sun daɗe suna kiɗa tare a wata coci a Houston kafin ƙungiyar ta kafu, kuma ana jin wannan sabon a hannunsu. Faifan ya fito a Janairun 2018, shi ne na biyu bayan na 2015. Ba a wani katafaren situdiyo suka naɗe shi ba, a wani tsohon ɗakin ajiya ne na gona a ƙauyen Burton, can jihar Texas.

Abin da ya kama ni shi ne haƙurin mai ganga. Johnson ba ya nuna bajinta ko kaɗan. Zai riƙe bugu ɗaya tun daga farko har ƙarshe, ba ya gaggawa, ba ya ja da baya, ya bar wa bas fili ta yi ta yawo. Jitar Speer kuwa ita ce ta ɗauki aikin mawaƙin, tana lanƙwasa sauti irin na kiɗan Iran da ƙasashen Larabawa. A "Maria También" ne wannan ya fi fitowa fili, kuma ita na fi maimaitawa idan ina tuƙi da daddare.

Amma fa kada ka saurare shi da lasifikar waya. Bas ɗin Laura Lee ce ƙashin bayan kiɗan, kuma ƙaramar lasifika tana haɗiye ta gaba ɗaya. Sa abin kunne ko ka kunna a mota.

Aibunsa ɗaya a wurina: daga tsakiya zuwa ƙarshe kiɗe-kiɗen sun yi kama da juna, sai hankali ya tafi wani wuri ba ka ankara ba. Mai neman rock mai ihu da girgiza ɗaki ya nemi wani faifan. Wanda kuma ya ji lallai sai da muryar mawaƙi, ya fara da faifansu mai suna Ali, wanda suka yi a 2022 tare da Vieux Farka Touré na Mali don girmama mahaifinsa Ali Farka Touré, sannan ya dawo kan wannan.