Dashen ofram da emire daga wani lambu a hanyar Ejisu

Masu gonar koko a kewayen Kumasi, ga inda na sayi dashen itatuwan inuwa, a hanyar Ejisu. Tun da masu yankan katako suka kwashe manyan itatuwan da ke gefen gonata, ƙasar ke ɗaukar zafi tun hantsi. Ganye ne ke tare rana, shi ke fitar da danshin da ke sanyaya iska. Da ya tafi, ciyawar nan da ake kira Acheampong ta samu sarari, don ita rana take so, ta rufe ƙananan kokon suka rasa ta yi. Ƙwarin akate ma, masu tsotse ruwan jikin koko, sun fi ɓarna inda babu inuwa.

Mai lambun dattijo ne da ya san aikinsa. Na nemi tik, ya ce: "Alhaji, tik na katako ne, zai yi wa kokonka kishiya wajen ruwa." Ya ba ni ofram da emire, masu saurin tashi, rassansu can sama, inuwarsu ba ta toshe haske. Ya yage leda ɗaya a gabana ya nuna mini saiwar, fara tas, ba ta nannaɗe ba. Ya kuma ce in dasa ayaba tsakaninsu kafin su girma.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne kai kaya. Yaronsa ya jibge dashen a aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ba rufi, da tsakar rana, wasu suka iso a yanƙwane. Ku je da sassafe ku ɗauko da kanku, kuma ku jira ruwan Afrilu ya zauna.