Kwalejin Bronx da Karatun Kwamfuta na Shekara 2

A Amurka akwai shaidar karatu ta shekara 2 wadda ƙananan kwalejojin gwamnati ke bayarwa, mai kama da difloma a wajenmu, kuma ita ce ƙofar da masu ƙaramin ƙarfi da yawa ke bi su shiga fannin kwamfuta. Duk wanda ke zaune a yankin Bronx na birnin New York, inda Hausawan Gana da Nijar da Najeriya suke da yawa, ya kamata ya fara duba Bronx Community College kafin ya kai kuɗinsa makarantar kuɗi mai zaman kanta.

An kafa kwalejin a 1957, kuma tana cikin rukunin jami'ar birnin da ake kira CUNY. A 1973 ta koma harabar da take yanzu a unguwar University Heights, wadda a da mallakar Jami'ar New York ce. Kuɗin makaranta ga mazaunin birnin da ke cikakken karatu dala 4,800 ne a shekara a 'yan shekarun nan, kuma wanda ya cancanta yana iya samun tallafin Pell na gwamnatin tarayya da na TAP na jiha. Akwai kuma shirin ASAP, wanda CUNY ta fara a 2007, mai taimaka wa ɗalibi da kuɗin sufuri da littattafai, ya kuma haɗa shi da mai ba shi shawara. Ga mai aikin dare ko mai tuƙin tasi wanda ke ɗauke da iyali, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne bambancin shaidu biyu da sunayensu suka yi kama, wato AS (Associate in Science) da AAS (Associate in Applied Science), dukansu na shekara 2. Kowacce tana buƙatar kiredit, wato ma'aunin yawan darussan da ɗalibi ya ci, kusan 60, amma inda suka dosa daban ne. Ta farko, a fannin kimiyyar kwamfuta, an tsara ta ne domin wanda zai wuce kwaleji mai shekara 4, kamar Lehman da ke nan Bronx, ya kammala digiri. Tana da lissafi mai zurfi da rubuta manhaja, kuma wanda ya daɗe da barin lissafi zai sha wuya a zangon farko idan bai shirya ba. Ta biyu, a fannin sarrafa bayanai ko tsaron hanyoyin sadarwa, ta fi karkata ga neman aiki da wuri, sai dai ba lallai ba ne babbar kwaleji ta karɓi dukan darussanta idan mutum ya sauya shawara daga baya. Saboda haka, tun ranar rajista ya dace ɗalibi ya tambayi mai ba shi shawara waɗanne darussa ne za su bi shi zuwa gaba, ya kuma nemi amsar a rubuce.

Wanda ya yi karatunsa da Faransanci, kamar 'yan'uwanmu na Nijar, zai amfana da shirin koyon Turanci na CLIP kafin ya shiga aji, domin kuɗinsa kaɗan ne kuma ba ya cinye tallafin karatu. A ganina kwalejin ta cancanci a zaɓe ta, musamman ga wanda ya ɗauki AS da niyyar wucewa Lehman ko City College, wata kwalejin CUNY mai shekara 4.