Yadda aka cire rubutun jikin motata ba tare da an taɓa fenti ba

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ya iyali, ya haƙuri da mu? Yau maganar mota ce ta kawo ni, kuma da direbobi da masu fenti nake yi musamman.

Na sayi tsohuwar motar kai kaya a hannun wani kamfanin gyaran famfo a nan Jamus. Jikinta duk rubutu ne, ga sunan kamfani, ga lambar waya, ga wani jan zane da ya zagaye ta daga ƙofar gaba har baya. Sharaɗin da suka kafa mini shi ne in cire sunansu kafin in fara aiki da ita. Abin da na tashi na gani shi ne a kankare, a bi da sanfefa, a fesa sabon fenti, don haka shi na sa a rai. Sai aka nuna mini wani gareji da ba sa taɓa inji, ba sa fenti, aikinsu kawai su dawo wa jikin mota da ƙyallinsa.

Dattijon da ya karɓe ni bai ɗauki wani makami ba sai da ya wanke motar tas. Sannan ya fito da wata 'yar na'ura da ba ta cika tafin hannu ba, yana ɗora ta a kan ƙarfen, lamba tana fitowa. Kaurin fenti yake aunawa. Ya nuna mini cewa fentin kamfani gaba ɗayansa, da shafen ƙasa da launi da farin ruwan da ke sama mai ba da ƙyalli, bai fi kashi 1 cikin 10 na milimita da kaɗan ba, kuma wannan na saman bai kai rabin haka ba. Ashe abin da muke sa wa reza ke nan. Da ya zo kan ƙofar baya lambar ta ninka. Ya ce an taɓa buge wannan ƙofar an sake mata fenti, kuma zai bi ta a hankali fiye da sauran, don a kamfani ana gasa fenti a zafin da ya kai kusan digiri 140, na gareji kuwa a wajen 60 yake bushewa, bai kama ƙarfe kamar na asali ba, yana iya biyo sitika ya ɗago. Wanda ya sayar mini bai faɗa mini an buge ta ba. Na'urar ce ta tona.

Wallahi na tsaya ina kallonsa kamar ɗalibi a gaban malami. Iska mai zafi yake hura wa harafi, yana kai hannu yana taɓawa, in ya yi ɗumi yadda hannu zai iya jurewa sai ya ɗaga gefe da wani ɗan faifan roba, ya naɗe sitikar baya yana ja sannu sannu, kusan a kwance da jikin motar. Harafi ya fito ɗungurungum, bai yage ba. Jan zanen nan kuwa rana ta riga ta gasa shi, ya tsattsage, ba ya jawuwa. Shi sai ya ɗaura wa injin huda wata taya ta roba mai laushi, tana juyawa tana murje shi yana zuba. Irin ta kamfanin 3M ba a wuce juyi 4,000 a minti da ita, kuma bai bar ta ta tsaya wuri ɗaya ba don kada zafi ya ƙona fenti. Da ya iso bamba ya ajiye ta, ya ce roba ba ta ɗaukar wannan zafin. Dogayen robobin gefe da aka manna da tef mai gam ta fuska biyu, zaren kamun kifi ya zura ta bayansu yana ja hagu da dama har suka saki. Sauran danƙon ya jiƙa shi da wani ruwa da ake tatsa daga ɓawon lemo, ya ba shi lokaci ya narke, ya share da tsumma mai laushi.

Duk da haka sunan kamfanin bai ɓace ba. Inda sitika ta rufe shekara da shekaru launin yana nan sabo, kewayensa kuwa rana ta kodar da shi, sai ka karanta rubutun sarai alhali babu komai a wurin. Da folish ya daidaita su, kuma ya gaya mini gaskiya cewa a wasu wuraren inuwar ba za ta fita duka ba, in ya matsa zai cinye ruwan saman.

A nan ne raina ya ɓaci da halinmu. Mota mai lafiyayyen fenti, a manna mata hoton ɗan takara da gam ɗin takalmi, zaɓe ya wuce a ba yaro reza da tina a ce ya cire. Tina narkar da fenti take yi, aikinta ke nan. Wasu har man birki suke shafawa, shi kuwa ɗaye fenti yake yi har ƙarfe. Daga nan sai tsatsa, sai bodi-fila, sai a fesa wani launi da bai yi daidai da na asali ba, darajar mota ta faɗi a banza. Kuma ba rashin kayan aiki ba ne, jama'a. Na'urar busar da gashi da tsohon katin banki da zaren kamun kifi sun isa yawancin aikin. Gaggawa ce ke cutar mu, da kuma mai mota da ke tsaye a kan ma'aikaci yana cewa a yi sauri.

Su nan tun wajen mannawa suke tunanin ranar cirewa. Tun 1971 doka ta sa motocin tasi na Jamus su zama launin hauren giwa mai haske, ko da yake wasu jihohi sun sassauta. Da yawa daga masu tasi baƙar mota ko mai ruwan azurfa suke saye, a lulluɓe ta da leda mai wannan launin, ranar sayarwa a ɗumama a ɗaye, fentin ƙasa ya fito kamar ba a taɓa hawa ba. Wasu motocin da ake sauke muku daga jirgin ruwa tsofaffin tasi ne, ba za ku gane ba.

Ba wai komai na nan daɗi ne da shi ba. Sai ka nemi rana tukuna, ka jira, ko da aikin na awa biyu ne. Kuɗin aiki da awa ake lissafa shi, kowace tambaya ka yi agogo yana tafiya. Ba ka isa ka ce bari in yi da kaina a ƙofar gida ba, don garuruwa da yawa sun hana wanke mota a bakin titi saboda kada ruwa mai maiƙo ya shiga ƙasa, kuma maƙwabci yana leƙe ta taga. Na zauna a garejin nan shiru, babu mai cewa sannu da zuwa, ya hanya, babu yaran gida masu kai da kawo, babu musun ƙwallo. Na yi kewar garejinmu ƙwarai, inda za ka kai mota ka dawo da labarin gari.

Masu fenti, ku nemi na'urar auna kaurin nan, ana samun ƙanana masu aiki da batir. Masu sayen tsohuwar mota ma za ta amfane ku, don ƙofar da aka cika da bodi-fila ba ta iya ɓoye mata.