Peugeot 206 ta hannu a Katsina: abin dubawa kafin a biya kuɗi

Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, tambayar farko da mai neman mota ke yi wa dillali ta sauya. Da esi ake fara tambaya, yanzu kuwa shan mai. Wannan ne ya sa ƙananan motocin da aka raina a baya suka yi kasuwa, kuma a cikinsu babu wadda ke saurin jan hankalin malamin makaranta ko ƙaramin ma'aikaci kamar Peugeot 206. Tana da kyan gani, ba ta cin wuri a lungu, kuɗinta kuma bai kai na Corolla ko Yaris mai shekarunta ba. Hukuncinmu a kanta shi ne: ta cancanci saye, amma ba kowace ba, kuma ba ga kowa ba.

An fara ƙera 206 a Faransa a 1998, saboda haka galibin waɗanda ke yawo a nan sun ba shekara 20 baya ko suna dab da hakan. Duk wadda aka ce maka sabuwa ce fil, fenti ake nufi. Injinan fetur da aka fi gani guda uku ne: 1.1 da 1.4 da 1.6. Mai 1.1 ba ta da ƙarfi, da an kunna esi da mutum huɗu a ciki sai ta riƙa nishi. Mai 1.4 ita ce daidai wa daida, doki 75 ne ƙarfinta, injin ba shi da sarƙaƙiya, kuma kusan kowane garejin Fijo ya san cikinsa. Idan tana da lafiya, tana shan lita 6 zuwa 7 a kilomita 100 a kan doguwar hanya, a cikin gari kuwa 8 zuwa 9. Ke nan Katsina zuwa Daura, tafiyar kusan kilomita 80, ba za ta wuce lita 6 ba, zuwa Kano kuma wajen lita 12. Tankinta lita 50 yake ɗauka.

Kafin ka buɗe bonet ma, ka koma bayan motar ka tsuguna, taku biyar daga gare ta, ka dubi tayoyin baya. A tsaye suke ƙyam, ko kawunansu sun karkata ciki kamar ƙafafun mai gwame? Nan ne babban ciwon 206. Ƙafar bayanta ba irin ta motocin Japan ba ce. Kowace taya tana kan hannu ne da ke juyawa a kan wani sandan ƙarfe, tsakaninsu akwai boris masu siraran allurai, biyu a kowane gefe, da roba mai tare ruwa. Idan robar ta tsufa ta tsage, ruwan damina da rairayi su shiga, giris ya bushe, alluran su fara cin sandan. Da fari ƙara za ka riƙa ji, ƙiiƙ-ƙiiƙ, in an hau tudun rage gudu. Daga baya taya ta karkata, ta cinye ta gefen ciki, har ta kai ga gogar bodi. In an farga da wuri, canjin boris da roba ya wadatar. In sandan ya riga ya ciwu, sai dai a sauya shi ko a nemo ƙafar baya sukutum, wadda sau da yawa sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano, kuma ita ma ta hannu ce, ba ka da tabbacin kwanakin da suka rage mata. Wasu makanikai kan cusa bushin tagulla ko su yi walda don a samu a sayar da motar. Sa a ɗaga ta da jak, ka riƙe tayar sama da ƙasa ka girgiza. Ko kaɗan bai kamata ta yi wasa ba.

Saboda wannan ƙafar ne muke cewa duk wanda ya san zai riƙa loda buhunan gero daga kasuwar Mashi ko ta Mai'aduwa, ko yana bin hanyar ƙauye mai rairayi da kwazazzabo kowane mako, ya manta da 206. Ba don haka aka yi ta ba. Irin wannan aiki na Golf 3 ne, shi ya sa 'yan haya ba su rabu da ita ba duk da tsufanta.

Na biyu shi ne zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Katsina kan haura digiri 40, kuma kan silindar wannan injin na alminiyom ne, ba ya yafe tafasa. Ka je ganin motar da sassafe, ka kuma gaya wa dillali kada a tayar da ita kafin ka iso. Taɓa injin da hannunka. In ka same shi da ɗumi, an riga an ɗumama shi, wataƙila don a ɓoye wahalar tashi ko hayaƙin farko. Buɗe murfin robar ruwa tun injin na sanyi: ruwa ja mai tsatsa yana nuna an daɗe ana ɗura mata ruwan rijiya, lagireto ya fara toshewa ke nan. Buɗe murfin baƙin mai ka duba bayansa. Idan ka ga wani abu fari-fari mai kauri kamar kindirmo, akwai yiwuwar ruwa na haɗuwa da mai, wato gasket ya ƙone. Sannan a tayar, a bar ta tana aiki a tsaye minti 15 zuwa 20. Allurar zafi ta hau zuwa 90 ta tsaya a wajen, fanka ta taso da kanta in zafin ya ɗan haura, ta kuma mutu da kanta.

A nan ne ake yawan kama motocin da aka yi wa dabara. In fanka ta fara juyawa daga murɗa makulli, mai yiwuwa an haɗa ta kai tsaye ne, kuma kusan kullum za ka tarar an cire tamostat ma, wato abin da ke daidaita zafin injin. Makanikai da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin maganin zafin ƙasarmu. Ba magani ba ne. Injin da bai kai zafin aikinsa ba yana ƙara shan mai, domin kwamfutar motar tana ɗauka har yanzu da sanyi, sai ta ci gaba da ƙara masa fetur. Mutum ya sayi ƙaramar mota don tsimin mai, ya ƙare yana shan na babba. Abin da ya lalace tun asali yawanci ƙaramin abu ne, ko rile ko abin da ke rage wa fanka gudu ko na'urar auna zafin ruwa. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce sau nawa injin ya tafasa kafin a yi dabarar.

Ɗigar baƙin mai daga kusurwar gasket ta wajen tamin bel tsohuwar ɗabi'ar wannan injin ce. Ɗan damshi ba abin fasa ciniki ba ne, amma a rage kuɗi a kansa, don in man ya kai ga bel ɗin zai ruɓar da shi.

Shi tamin bel ɗin, kada ka yarda da cewa "ba a daɗe da canzawa ba". Ba sarƙa ba ce irin ta Yaris ko Micra, roba ce mai haƙora, kuma ranar da ta tsinke fistin zai doki bawul ya lanƙwasa su, aikin ya koma na sauke kan inji. A makon farko da sayen motar a canza bel da abin ɗaure shi da famfon ruwa gaba ɗaya, tunda bel ɗin ne ke juya famfon kuma aiki ɗaya ne. Daga nan a riƙa maimaitawa duk kilomita 60,000 ko shekara huɗu, wanda ya riga zuwa. Baƙin mai kuwa lita uku da 'yan kai take sha, galan mai lita 4 zai bar ragowar ciko. Mai 10W-40 ya dace da ita, a juye duk kilomita 5,000 tare da filta. Filtar iska a duba ta kowane wata a lokacin hunturu.

Batun giya ba ya buƙatar dogon zance: ka sayi manuwal. Giyar otomatik ɗin 206, wadda ake kira AL4, tana da wasu ƙananan bawul na lantarki da ke gajiya, sai ta riƙa buga giya da ƙarfi, fitilar S da ta alamar ƙanƙara su riƙa ƙyaftawa, motar ta maƙale a giya ta uku. Tana gyaruwa, amma tana son manta na musamman da makanikin da ya san ta, ga shi an saba ɗura mata duk jan man da aka samu. A manuwal, gwada kuloci kawai: ja birkin hannu, sa giya ta uku, saki kuloci a hankali. Injin ya mutu nan take. In ya ci gaba da aiki, faranti ya cinye.

Sai wuta, inda sunan Fijo ya ɓaci a bakin mutane, wani lokaci da haƙƙi, wani lokaci laifin mai gyara ne. 206 tana da akwatin lantarki da ake kira BSI, shi ke kula da fitilu da sigina da waifa da kulle ƙofofi da tantance makulli. Ba ya son a yanke waya a ɗaura wata, ba ya son a wanke inji da ruwa mai ƙarfi, ba ya kuma son a fizge kan batir da an kashe mota. Ƙa'ida ita ce a kashe, a jira kamar minti uku, sannan a cire. Leƙa ƙarƙashin sitiyari da cikin akwatin fis. In ka ga wayoyi an nannaɗe da salatif ko'ina, rewaya ya riga ya yi kiwo a wurin, kuma abin da ya bari kai za ka gada. Gwada sandar sigina sau da yawa hagu da dama, domin tana cikin abubuwan da ke fara lalacewa. Lura da fitilun dashbod lokacin da aka murɗa makulli kafin a tayar: fitilar inji da ta jakar iska dole su kama sannan su mutu. Wadda ba ta kama ba sam, an cire ƙwanta ne ko an toshe ta. Kuɗin sa na'urar bincike bai taka kara ya karya ba, ka biya a sa. Batir mai lafiya yana nuna 12.4 zuwa 12.6 a kashe, 13.5 zuwa 14.5 in inji na aiki. Ka nemi makulli biyu, don yanka sabo sai an haɗa shi da kwamfutar motar da lambar sirri.

Bodi kuwa ido da hannu sun isa. Ƙaramin maganaɗisu ba ya kama wurin da aka cika da foti. Ɗaga kafet ɗin but da na ƙarƙashin ƙafar direba ka duba walda ko tsatsa. Wadda aka juya mata sitiyari daga dama zuwa hagu, irin masu fitowa daga Ingila, ka bar ta ko nawa aka rage. Tayoyi suna da lamba huɗu a gefe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Taya huɗu da suka tsufa kuɗi ne mai kauri da ya kamata a cire daga farashi. Safaya tana rataye a ƙarƙashin but ta waje, ka tabbata tana nan.

Takardu a Katsina ba abin wasa ba ne, don muna bakin iyaka. A Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, amma kowa ya san motoci ba su daina ɓullowa ta wajen Jibiya da Kwangwalam ba. Motar da aka yi fasa-ƙwaurinta tana iya yin shekaru tana yawo cikin gari lafiya, ranar da ka nufi Kano ko Kaduna da iyalinka kwastan su tare ka. Lambar shasi tana da haruffa da lambobi 17, ta Peugeot da VF3 take farawa. Karanta ta a jikin motar, ka gwada ta harafi-harafi da ta takardar kwastan da ta shaidar mallaka da lasisi, sannan ka kai takardar ofishin kwastan a tantance kafin kuɗi ya bar hannunka. A rubuta takardar ciniki da shaidu biyu da hoton katin shaidar mai sayarwa, a kuma yi canjin mallaka da wuri. Inshorar dole ta motar gida naira 15,000 ce tun farkon 2023, ga takardar lafiyar mota da 'yan KASSAROTA, hukumar kula da hanya ta jihar Katsina, da Road Safety za su iya tambaya.

Wajen lissafi ne mutane suka fi faɗawa rami. Mai naira ɗari a hannu sai ya nemi motar ɗari, har ya ranto na la'ada. Shawararmu ita ce kada kuɗin motar ya wuce kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na abin da ka tanada. Ragowar na tamin bel ne da famfon ruwa, juyen mai, filogi huɗu, ruwan lagireto na gaske, mayar da tamostat da fanka yadda kamfani ya yi su, birki, wataƙila da taya biyu. In ragowar ba za ta ɗauki wannan ba, ba ka kai sayen motar ba tukuna, babur ɗinka ya fi maka kwanciyar hankali. Wanda kuma kuɗinsa zai kai Yaris ta farko, ta 1999 zuwa 2005, ya ƙara ya saye ta: sarƙa gare ta maimakon bel, wutarta ba ta da rigima, ko da yake ba ta kai 206 daɗin zama a kan hanya ba, kuma masu ita sun san abin da suke riƙe da shi, ba sa saki da arha.

Makanikin da zai duba maka ya zama naka ne, kai za ka biya shi, ba wanda dillali ya kira ba, kuma ya kasance na Fijo. Ku fita da motar a kan titin zobe ko hanyar Dutsin-ma, a kai ta kilomita 100 a awa da esi a kunne, a saki sitiyari kaɗan a ga ko tana ja gefe, a taka birki da ƙarfi sau biyu. Da kun dawo, a ajiye ta a kan siminti mai tsabta minti goma, a matsar da ita, a duba abin da ta ɗigar.