Na kai tsohuwar Fijo wurin Baba mai kafireto

Motar da nake magana a kanta Peugeot 504 ce, wagon, fara, haɗin Kaduna. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya saye ta hannu na biyu ina aji uku a sakandare, yau kuma da ita nake ɗaukar atamfa da shadda daga Kantin Kwari a Kano in kai wa masu shaguna a Katsina duk ranar Talata. Mitarta ta mutu tun tuni, allurar mai ma sai ta ga dama take motsi. Ma'aunina ɗaya ne: in cika tanki ya tumbatsa a Dawanau, in bi ta Bichi da Tsanyawa da Kankia da Charanchi, in na shiga Katsina in sake cikawa in ga abin da ta sha. Tafiyar wajen kilomita 160 ce, kuma a bara ta kai tana shanye mini lita 28.

Lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba, ko a jikina. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, kafin mako ya zagayo lita ta haura 500, ƙarshen 2024 kuma muka saya sama da 1,000. Daga nan ribar dila guda ta koma ƙarewa a gidan mai. Na fara da dabarun araha. Wani yaro bakanike a unguwarmu ya murɗa wata kusa a jikin kafireto, wato abin da ke haɗa mai da iska kafin su shiga inji, ya ce ya matse mata wuya, sai ta koma mutuwa a kowace danja, shan man kuma yana nan. Wani ya sayar mini da ɗan maganaɗisu da ake maƙalawa a tiyon mai, wai yana jera man kafin ya shiga inji. Na biya, kuma ina jin kunyar faɗin nawa.

Wani direban haya da ya shekara ashirin yana jan wagon ne ya yi mini kwatancen Baba. Garejin Baba yana wani lungu ba nisa da kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa. Ba allo, ba rumfar kirki, sai bishiyar darbejiya ɗaya da benci da wani teburin ƙarfe da tsofaffin kafireto suka cika. Dattijo ne ya kai saba'in, da tabarau ɗaure da zare. Na gaishe shi na fara zayyana masa ciwon, ya ɗaga mini hannu.

"Malam, bar ta ta faɗa da bakinta. Tayar."

Na tayar. Ya zagaya baya ya tara tafin hannu a bakin salansa, ya shinshina, ya dawo ya sa yaro ya kwance fulogi huɗun. Duka sun yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ya ce fulogin mota mai lafiya launin ƙasa-ƙasa yake yi, wannan baƙin kuwa shaidar mai ne da ya shiga bai ƙone ba. Da idonsa ya kai kan maganaɗisun bai ce komai ba, cire shi kawai ya yi ya miƙo mini, ya ce in kai wa yara su yi wasa.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai taɓa kafireto ba a ranar farko, shi da ake kira mai kafireto. Ya ce rabin motocin da ake kawo masa da ƙarar shan mai, laifin na wuta ne. Ya buɗe distiribita, mai raba wa fulogi wuta, ya nuna mini kwantak, ɗan ƙarfen da ke buɗewa da rufewa a cikinta, ya cinye, tazararsa ta kusa rufewa. Ɗan siririn tiyon da ke tasowa daga kafireto zuwa distiribita, wanda ke gaggauta wuta idan mota ta miƙe hanya, ya tsage tun ban san yaushe ba, wani kuma ya toshe bakinsa da kusa. Ma'ana shekaru nake tafiya wutar tana makara, man yana ƙarasa ƙonewa a salansa. Ya sa sabon kwantak ya saita tazarar a milimita 0.4, fulogi a 0.6, kuma da ma'auni ya yi, waɗannan siraran ƙarafan masu lamba, ba da kwalin sigari ba kamar yadda na saba gani. Bawul, ƙofofin shigar mai da fitar hayaƙi, ya ce sai inji ya kwana ya huce, don a sanyi ake saita su: 0.10 na shiga, 0.25 na fita. Dalilin kwanan motar a wurinsa ke nan.

Washegari ya sauke kafireton. Solex ne mai maƙogwaro biyu, na farko ke aiki a tafiyar yau da kullum, na biyun ba ya buɗewa sai an take totur sosai. Ya baje shi a kan farin buhu ya wanke da fetur da buroshin haƙori, yana ɗaga kowane ɗan ƙarfe zuwa hasken rana. Ciwo biyu ya samu. Allurar da ke tsayar da mai idan kwanon kafireto ya cika ta goge, ba ta rufewa, sai man ya yi ta ambaliya cikin inji ko mota tana tsaye. Na biyu ya fi ba shi haushi: wani ya taɓa zura waya cikin babban jet, ɗan ƙarfen mai ramin da mai ke bi, don ya fitar da datti, ya faɗaɗa ramin. Ya ajiye shi kusa da wani mai lamba iri ɗaya, ni da ban san komai ba na ga bambanci.

Na ce, "Baba, tunda an kwance, me zai hana ku sa mata ƙaramin jet ta rage sha gaba ɗaya?"

Ya kalle ni ta saman tabarau. Ya ce ya san masu yin haka, kuma su ne ke kawo wa masu gyaran kan inji ciniki. Idan mai ya yi ƙaranci iska ta yi yawa, inji zafi yake ɗauka, bawul ɗin fita su ƙone, direba kuma ya ji mota ba ƙarfi ya ƙara take totur har maƙogwaro na biyu ya buɗe, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Lambar da kamfani ya sa ita zai mayar. Kusar da yaron unguwarmu ya murɗa kuwa, ya ce silo, wato aikin inji idan mota tana tsaye, kawai take mulka, da mota ta hau titi ba ruwanta da lissafin. A nan na gane abin da ya sa waccan matse wuyan ba ta rage mini ko lita ɗaya ba.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Filtar iska ta cushe da ƙurar hunturu. Tamostat, abin da ke tsare ruwa har inji ya yi ɗumi, babu shi sam, an cire an yar kamar yadda bakanikenmu suka saba da hujjar ƙasarmu zafi gare ta, alhali ni da asuba nake tashi, injin ba ya yin ɗumi sai na wuce Bichi, kuma inji mai sanyi mai yake sha. Ya sa aka ɗaga baya aka juya tayoyi, na dama ya ƙi juyawa sai da ƙarfi: birki yana kamawa. Wagon da ma nauyi gare ta, sifirin huɗu ne a bayanta don ɗaukar kaya, ga ni kuma ina jan ta da birki a ɗame.

Talatar da ta biyo na cika a Dawanau da kaya kamar kullum. A Katsina famfo ya tsaya a lita 20 da ɗigo. Ban yarda ba, na ce ko mai zubawa ne bai cika ba. Na maimaita sau huɗu, tana tsakanin 20 da 21. Da na bi shawararsa na sauke kariyar saman a ranakun da kaya ba su kai a ɗora ba, na kuma daina wuce abin da kunnena ke ce mini 90 ne, sau ɗaya na ga 19. Giya huɗu ce da ita, duk abin da ya haura haka ihu kawai injin yake yi. Lita takwas a zuwa, kusan haka a dawowa, ko a naira 900 aka lissafa ya haura 14,000 a mako. Kuɗin aikinsa 15,000 ne, kaya suka ci mini wajen 38,000. Wata guda ya mayar.

Sai dai wanda zai je ya tafi da haƙurinsa. Baba ba ya sauri, ba ya ɗaga waya, kuma idan aka kira salla ko ana tsakiyar ɗaura kafireto ajiyewa yake, wannan kam ba abin ƙorafi ba ne, amma bayan sallar sai an sha shayi. Ba ya sayar da kaya, kai za ka shiga kasuwa da tsohon a hannunka. Sau biyu ya mayar da ni da kwantak ya ce jabu ne, a rana tsaka, a ƙafa. Yaransa ba su kama ƙafarsa ba wajen tsafta: sun bar mini shatin hannu na baƙin mai a kan kujera, ɗaya kuma ya manta bai ɗaure murfin filta ba sai a gida na gani. Sannan akwai labari. Zai gaya maka yadda aka fara haɗa Fijo a Kakuri a 1975, yadda Faransa ta daina yin 504 Kaduna ta ci gaba har 2006, kuma zai sake gaya maka gobe kamar bai taɓa ba. Mai mota mai injekta maimakon kafireto kada ma ya wahalar da kansa, zai ce a kai wa masu kwamfuta.

Na tambaye shi batun mayar da ita mai amfani da iskar gas, tunda kowa maganar CNG yake. Bai kushe ba, ya ce dai tulun zai cinye mini wurin dila biyu, kuma gas ya fi fetur son wuta mai ƙarfi, inji mai laulayi ba ya jure shi. Ya gwada matsin kowace silinda da agogonsa kafin in tafi, uku lafiya, ɗaya ta yi ƙasa. Ya ce ringi ne, za ta kai ni bayan damina idan ina duba baƙin mai duk sati ina kuma yin juye a kan kari, amma kada in ce bai faɗa mini ba. Shi ba ya buɗe inji, ya ce idanunsa sun wuce nan, sai dai ranar da na shirya in zo ya haɗa ni da wanda ya yarda da hannunsa.

Yanzu kwalbar baƙin mai ɗaya take ci duk tafiya biyu, na kuma fara ware dubu biyar-biyar duk Talata saboda ringin.