Takardar da aka tambaye ni a Hamburg

Shekara 14 na yi ina aikin wayarin wutar lantarki a Kano, kuma ban taɓa zaton akwai ranar da za a ce ban isa in haɗa soket ba sai da na zo Jamus. Wani ɗan'uwa mutumin Damagaram ne ya kai ni wurin wani dattijo mai shagon aikin lantarki a Hamburg. Dattijon bai tambayi yawan gidajen da na yi wa wayarin ba, takardar shaidar ƙwarewa kawai ya nema. Da na ce ba ni da ita, sai ya miƙo mini na'urar awo, ya nuna mini makunnin kariyar da ke yanke wuta da zarar 'yar wuta kaɗan, miliamfa 30, ta zurare, ya ce in gwada shi in rubuta sakamakon. Na tsaya riƙe da na'urar, gumi yana keto mini duk da sanyin da ake yi, domin ni testa da filaya na sani. Yarinyar da ke koyon aiki a wurinsa ta karɓa da ladabi, ta kammala cikin minti biyar.

Na kwana da takaici, amma daga baya na gane ba wulaƙanci yake nufi ba. A nan mai koyon lantarki yana shafe shekara uku da rabi tsakanin wurin aiki da makarantar sana'a, ana biyansa, sannan ya zauna jarrabawa. Ko ya ci, a ƙa'ida ba zai buɗe shagon kansa ba sai ya samu shaidar ubangidan sana'a, wadda suke kira Meister. A 2004 gwamnati ta janye wannan sharaɗi daga sana'o'i da dama, har da shimfiɗa tayil, amma a 2020 ta mayar da shi kan guda 12.

Tsarin yana da cin rai. Da famfon ɗakin girkina ya lalace mako uku na jira, kuma har kuɗin tahowar mai gyaran aka rubuta mini. Na tuna mai gyaran famfon unguwarmu da zai zo bayan isha'i a kan babur, ya ce a bar kuɗin sai Allah ya hore.

Sai dai, 'yan'uwa, halinmu yana damuna. Yaro zai yi wata shida yana riƙe wa ubangidansa tsani, ya sayi filaya, gobe a kira shi injiniya. Ma'aikatar Ƙwadago ta Najeriya tana ba da shaidar gwajin sana'a mai mataki uku, ga kuma NABTEB, hukumar shirya jarrabawar sana'o'i, amma ban taɓa haɗuwa da mai gini da ya nemi ganin takardata ba. Araha kawai ake nema. Ni kaina na sha sa siririyar waya inda ya kamata a sa mai kauri, saboda mai gida ya ce iyakar kuɗinsa ke nan.

Yanzu ina makarantar sana'a, ina zaune aji ɗaya da sa'o'in 'ya'yana. Makon jiya na kira ƙanena na roƙe shi ya je wani gida da na yi wa wayarin a Hotoro, ya canza musu layin hita da kuɗina.